Sojan da Ya Dawo da Goyo

Ran kasuwar Gwaram da ta wuce na tsaya gaban wani mai gwanjo ina duba wa yara riguna, sai ya ɗaga wani tsohon bargo mai ruwan toka ya kakkaɓe, irin mai kaushin nan da ke sa jiki ƙaiƙayi. Warin da ya tashi daga cikinsa, warin ulun da ya daɗe a ninke cikin akwati, shi ya sa na yi tsaye kamar an dasa ni. Mai gwanjo yana ta yabon kayansa, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba. Na riga na koma wani ɗakin ƙasa a ƙauyenmu da ke kusa da Zandam, inda kakana na wajen uwa yake ajiye irin wannan bargo a ƙarƙashin gadonsa na kara.

Mutanen gari Baba Soja suke ce masa, mu jikoki kuma Baba Tsoho. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu saboda wani guntun ƙarfe da ya shige ta a yaƙin basasa, likitoci suka ce cire shi ya fi barinsa haɗari. A gidansa na tashi, domin mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, Inna ta dawo da ni da ƙanena gaban iyayenta.

Kada ka yi mamaki in na ce maka mu Kiristoci ne, kuma Hausawa tun kaka da kakanni. Ƙalilan ne mu a ƙauyen, gidajenmu a tsakiyar na Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, gayya ɗaya. Mahaifin Baba Tsoho ya mutu yana bin al'adar gargajiya. Bayansa 'ya'yansa biyu suka raba hanya: babban ya musulunta har ya zama mai karantar da yara, shi muke kira Baba Malam, ƙaramin kuma ya bi masu bishara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, da wata kafa da ba a taɓa toshewa ba. Ta nan tuwon sallah yake shigo mana, ta nan shinkafar Kirsimeti take fita.

Abin da na fara sani game da kakana shi ne muryarsa da sassafe. Kafin kowa ya ɗauki fartanya sai ya tara mu a gindin tsamiyar tsakar gida, mu yara muna hamma, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu, ya ja waƙar yabo da wata murya mai kauri wadda ba ta cika bin kari ba. Sannan ya yi addu'a, ya ambaci kowa da sunansa, har akuyar da ke da ciki ba ya mantawa. Ran Lahadi shi ne mai buga ƙararrawar coci, wato wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataya a reshen darbejiya. Shi ne kuma mai share ɗakin sujada, ya yayyafa ruwa a daɓen, ya jera bencina, sannan ya dawo gida ya sa farar rigarsa da Iya, kakata, ta wanke ta ninke tun ran Asabar.

Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki yaro ba. Ban taɓa ganin ya yanka ko da kaza ba. In za a yi yanka a gidanmu, sai a leƙa ta kafa a kira Baba Malam, shi kuwa ya ɗauki sandarsa ya nufi gona har sai an gama fiɗa. Idan bayan Iya ya riƙe, yakan karɓi taɓarya ya yi mata sussuka, mazan gari suna wucewa suna dariya ƙasa-ƙasa, wai soja guda a bakin turmi. Bai taɓa kula su ba. Abin da kawai yake karya shi shi ne tsawa. Da damina, in hadari ya haɗo da la'asar, sararin sama ya yi baƙi, aka fara rugugi, sai ka ga wannan ƙaton mutum ya shige ɗaki ya zauna a lungu, ya haɗa kai da gwiwa, zufa tana keto masa. Iya takan bar duk abin da take yi ta bi shi, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayansa har ruwa ya tsaya. Mu yara mun ɗauka haka kowane tsoho yake yi.

Ina aji uku ko huɗu na firamare muka yi faɗa da wata yarinya a bakin rijiya kan layin guga. Da ta ga na fi ta baki, sai ta ce mini, ai uwata tsintacciya ce, a daji aka tsinto ta kamar ƙwan zabo. Na bar tuluna a nan na ruga gida ina kuka. Na tarar da Iya tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye rariya, ta share hannunta a zane, ta ce in zauna.

A bakinta na ji yadda Baba Tsoho ya dawo daga yaƙi. Bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Ya sauka a mota a Birnin Kudu, ya sami wata ta kawo shi Gwaram, sauran hanyar kuma ya tako da ƙafa yana ɗingishi. Yara suka fara hango shi suka sheƙo da gudu suna cewa ga soja nan da goyo. Gari duk ya fito. Ga shi cikin kakin da ya koɗe, jaka a hannu, a bayansa kuma yarinya ɗaure da bargon soja, kamar yadda mace take goyo. Iya ta ce da ya kwance ta, sai da mata suka kau da kai. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, gashin kanta ya yi ja ya zube. Ba ta jin Hausa ko kaɗan, kuma in wani ya matso sai ta ƙanƙame wuyansa.

Iya a lokacin ba ta da ɗa a raye. Waɗanda ta haifa kafin tafiyarsa duk sun koma tun suna jarirai. Ya dube ta a gaban jama'a ya ce, a bakin daga ya same ta, ba ta da kowa, ya kai ta sansanin da ake tara marayu ya ga yadda suke mutuwa, ya kasa barinta. Iya ta ce ita sai ta shiga ɗaki ta dama kunun gyaɗa. Yarinyar ta ƙi sha daga hannunta. Sai da aka yi kwanaki ana fama, shi ya riƙe ta, ita ta ba ta da ludayi, ana karɓo madara daga rugar da ke bayan gari, kafin cikin ya fara saɓewa.

Sai magana ta tashi. Aka ce 'yarsa ce da ya haifa da wata a can kudu, ya zo yana rufe wa matarsa ido. Maganar ta bi rijiya, ta bi kasuwa, har ta shiga coci. Dattawan coci suka kira shi suka ce ya amsa laifinsa a gaban jama'a a yafe masa, in ba haka ba ya koma bencin baya, kuma ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da masu bi suke ci tare a coci. Iya ta ce abin da ya faɗa musu bai fi haka ba: “Ba zan amsa abin da ban yi ba. Akwai abin da na yi, amma ba wannan ba ne.” Babu wanda ya tambaye shi mene ne. Ya koma bencin baya. Lahadin da ta biyo, Iya ta bar wurinta a cikin mata, ta ɗauki yarinyar ta je ta zauna kusa da shi, ta ɗora ta a cinya. Haka suka yi ta zama damina bayan damina, yana buga ƙararrawa, yana shara, yana komawa baya, har aka kawo wani sabon fasto wanda ya saurari zancen ya ce a bar mutumin nan haka.

“Wannan yarinyar ita ce uwarki,” in ji Iya. “Ba a daji aka tsince ta ba, a bayansa aka kawo ta. Tashi ki je ki ɗauko tulunki.”

Inna ta girma Bahaushiya sak. Yarenta na fari ya zube mata kamar haƙoran yarinta, ba ta riƙe ko kalma ba. Abu ɗaya ya rage, shi ma ba a bakinta ba. Wata 'yar gajeriyar waƙa ce da take yi a watanninta na farko a gidan in tana neman barci. Ita ta manta, Baba Tsoho ya riƙe. Bai san ma'anarta ba, kuma na tabbata ya karkatar da kalmomin, amma yakan yi ta a gona ƙasa-ƙasa yana huɗa, don kada ta ɓace.

Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe a firamare, ciwon kwana kaɗan. Bayan an share makoki, Inna ta same shi ta ce, uwar da ta sani ta tafi, yanzu tana so ta san inda ɗayar ta fito, ko akwai wani nata da ya rage. Ya ce to. Da aka gama girbi ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa, suka bar mu a gidan Baba Malam, suka kama hanyar kudu.

Sun yi makonni. Ranar da suka dawo, tun daga yadda Inna ta sauke jakarta na san ba su samo komai ba. Daga baya ta ba ni labari. Shi abin da ya riƙe a kansa kogi ne, da karyayyar gada, da makaranta mai jan kwano, da itatuwan kwakwar manja. Suka tarar kowane gari a can yana da kogi da gada da makaranta, daji kuma ya zama gidaje. Sunan ƙauyen bai taɓa sani ba. Da dabara ta ƙare masa, sai ya riƙa tsayawa a ƙofar coci-coci bayan an tashi sujada, ya tare tsofaffin mata, ya rera musu waƙar nan, ko wata za ta ce ta garinsu ce. Duk inda ya rera, sai tsofaffin su karɓe ta su ƙarasa masa, wasu suna hawaye. Ashe waƙar rarrashin yara ce da kowace uwa take yi a ƙasar baki ɗaya. Wata tsohuwa ta riƙe fuskar Inna da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, ta yi magana, mai fassara ya ce wai ta yi kama da duk waɗanda suka rasa.

Bayan dawowarsu da kaɗan, wata rana da hantsi muna zaune mu uku a gindin tsamiya muna ɓarar gyaɗa. Ba abin da kake ji sai ƙarar ɓawo da kukan kurciya. Sai ya ture kwaryar gabansa ya ce, “'Yata, akwai abin da ban faɗa wa dattawa ba, ban faɗa wa uwarki ba. Na so in faɗa miki a can, na kasa.”

Inna ta dube ni kamar za ta ce in tashi, shi kuwa ya ce a bar ni, ni ma jininta ce.

Ya ce a lokacin yaƙi an gaya musu akwai mayaƙa a ƙauyen nan da suka je nema. Suka iso da asuba, hazo ya rufe ko'ina, aka ba da umarni suka buɗe wuta. Shi ya ga wani abu yana motsi a bayan wani shingen ganyen kwakwa, ya saita wurin ya harba. Da suka shiga, babu mayaƙi ko ɗaya, mutanen gari sun gudu, sai waɗanda ba su samu gudu ba. A bayan shingen nan ya tarar da mace kwance, tulun ruwa a fashe kusa da ita, yarinya kuma tana zaune tana jan bakin zanenta.

“Mu da yawa muka yi harbi,” in ji shi. “Ban sani ba ko nawa ne ya same ta. Amma wurin na saita. Na roƙi Ubangiji gafara tun ran nan har yau. Ke ce ban roƙa ba.”

Har yanzu ina ganin hannun Inna a lokacin. Akwai gyaɗa guda a tsakanin yatsunta, ta matse ta har ta niƙe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe ɓawon da ke zanenta, ta shiga ɗaki. Kafin mako ya zagayo ta haɗa kayanmu, muka koma Birnin Kudu wurin dangin mahaifina.

Rani ya wuce, bazara ta wuce, damina ta sauka, Inna ba ta taka ƙauye ba. Shi ne yake zuwa. Ran kasuwa sai mu ga ya sauko daga motar kaya da ɗan buhun dawa ko wake a kafaɗa, ya ajiye a zaure, ya zauna a kan dakali. Ni da ƙanena mu fito mu gaishe shi, ya shafa kanmu, ya tambayi karatu. Sai ya ce in shiga in ce wa uwata yana gaisuwa. In shiga in faɗa, ta ce tana amsawa, ba ta fito ba. Ya ɗan ƙara zama, yana kallon labulen ƙofar, sannan ya dafa sandarsa ya tashi. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Na riƙa jin haushin Inna a lokacin, na ga kamar ta cika taurin zuciya. Sai da na haihu na gane abin da aka ɗora mata.

Wajen ƙarshen damina ya daina zuwa. Wata safiya sai ga Baba Malam da kansa, tsoho tukuf, wanda rabonsa da shiga mota an daɗe. Ya yi sallama, ya ce a kira masa Inna. Ta fito ta durƙusa.

“Ƙanena yana kwance,” ya ce. “Ƙafar nan ta ruɓe, ya ƙi asibiti. Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ba roƙonki na zo yi ba. Na zo ne kada wata rana ki ce ba a gaya miki ba.”

A ranar muka bi shi.

Mun tarar da Baba Tsoho ya zube, kamar ba shi ne mai ɗaukar buhu da hannu ɗaya ba. Ɗakin yana wari. Inna ta gaishe shi. Ta ɗaura zane, ta ɗora ruwan zafi, ta wanke ciwon, ta sauya shimfiɗa, ta dama kunu ta tallafo kansa ta ba shi. Ta matsa aka kai shi asibiti, suka duba suka ce an makara, aka dawo da shi. Haka ta yi ta jinyarsa, gero yana nuna a gonaki, tsuntsaye suna sauka, yaran Baba Malam suna korar su daga gonarsa tare da tasu.

Wata la'asar ina yi masa fifita, ita tana naɗe masa ƙafa, ya kira ta. Muryar ta zama siririya. Ya ce, “Kin yafe mini?”

Ta gama ɗaurin tukuna, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a bakin gadon.

“Baba, na yi ta tunani,” ta ce. “Haƙƙin matar nan ba a hannuna yake ba. Ban san fuskarta ba, ban san sunanta ba, ba zan yafe a madadinta in yi maka ƙarya ba. Amma nawa, na yafe. Ni ban san wani uba ba bayan kai.”

Ya rufe ido, hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shiga kunne. Ya ce, “Ya isa. Haka ne daidai.”

Ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Samarin coci ba su da yawa, ƙasa kuma ta fara tauri, sai ga almajiran Baba Malam na da, magidanta da 'ya'yansu, sun zo da diga da shebur, aka haƙa kabarin tare a gefen gonarsa. Da muka fara waƙa, Baba Malam ya koma gefe ya tsaya a inuwar wata kuka, carbi a hannu, bai matso ba, bai kuma tafi ba har aka rufe. Shi ma bai ƙara shekara ba.

Yau in ka je ƙauyen ba za ka gane shi ba. An yi wa coci ginin bulo da fenti, an sa lasifika, amma bencinan rabi babu kowa, matasa sun watse Kano da Abuja da Dutse neman abinci. Gidanmu ya rushe, ɗakinsa ya zama tudun ƙasa da tafasa ta rufe. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa. 'Ya'yana yaƙi a waya suke ganinsa, suna dariya suna cewa a sake kunnawa, kuma ban san yadda zan fahimtar da su cewa mutum yakan dawo daga can da rai amma ya ƙare kwanakinsa bai gama dawowa ba. Jikokin Baba Malam ne suke noma gonar yanzu. Ba wanda ya sa su, amma duk shekara in sun zo huɗa sai su kewaye kabarin, su bar masa filinsa.

Inna tana wurina a Birnin Kudu, ta tsufa, gashinta fari fat, ido ya fara rauni. Kowace kaka sai ta sa na kai ta kabarinsa. Takan cire ciyawar da ta fito da hannunta, ta durƙusa ta daɗe. Bara da muke dawowa, na tambaye ta ko har yanzu abin yana ci mata rai. Ta juya tana kallon gonaki ta tagar mota, ana ta ɗaure dammunan dawa.

“Da yana ci,” ta ce. “Yanzu kuwa ai sun haɗu, shi da wadda ta haife ni. Ya gaya mata da bakinsa.”